Taken Baƙi na Kwata

Motar ba ta gama shigowa lungun ba Isyaku ya miƙe tsaye.

A gaskiya ba shi ya miƙe ba, jikinsa ne. Yana zaune a dakalin ƙofar gidan amininsa Ɗalha mai kalangu, a nan Mandawari, yana ɓare goro, ya miƙe gwiwar nan tasa da ta daɗe tana yi masa gardama, sai ya ji kalangu ya faɗo daga sama. Ba kowane kiɗa ba kuwa, takensa. Nasa na kansa, wanda duk faɗin birnin Kano ba a taɓa kaɗa wa wani mahaluƙi ba sai shi. Mahauci kuwa in ya ji takensa ba ya tsayawa tambayar wa ke kaɗawa. Goro ya faɗi, sanda ta faɗi, sai ga tsoho a tsakiyar hanya, hannun dama a dunƙule a sama, jiki na tsuma kamar na saurayi.

"Sai ni!" ya kurma ihu. "Sai ni Isyaku na kwata!"

A-kori-kura ce ta 'yan kamfe, an ɗaura mata manyan lasifikoki, an manne jikinta da hoton Alhaji Abdulmuttalib mai neman kujerar majalisa. Mutumin dama fari ne, amma a hoton an ƙara masa har ya koma kamar an wanke shi da nono. Samarin da ke kan motar suka ɗauki sowa.

"Baba ya bi! Baba namu ne!"

Wani ya diro ya kifa masa hular jam'iyya a ka. Wayoyi suka yi sama, kowa na ɗauka. Isyaku yana cikin juyi sai muryar mawaƙin ta hau kan kiɗan, siririya, irin wadda inji ke tacewa:

"Farin wata ɗan asali, gidanku ba a gaji igiya ba,
Baƙaƙen gandu ku ja da baya, mai gona ya iso."

Hannun Isyaku ya tsaya a sama. Ya san da wa ake. Abokin hamayyar Alhajin baƙi ne wuluk, kuma kowa ya san kakansa bawa ne a wani gandu a bayan gari. Sai dai ba shi kaɗai waƙar ta samu ba. Isyaku ya sauke hannu a hankali ya dube shi, baƙi kamar gindin tukunya. Kafin ya fizge hular, mota ta wuce da kiɗanta, yara na bin ta a guje.

Ga wanda bai sani ba, take ba waƙa ba ne. Suna ne da ake kiran mutum da shi ta bakin kalangu. Makaɗi zai dube ka ya auna ka, in ka isa ya yanka maka naka, daga ranar kuma ya zama naka kamar tsagen fuskarka, shi kansa makaɗin ba shi da ikon ba wa wani. Isyaku kuwa ba kyauta aka ba shi ba. Ranar wani hawan ƙaho ne a kwata, mayankar nan ta wajen Ƙofar Mazugal, aka kawo wani jan bijimi da ya riga ya kwantar da mutum biyu, manyan mahauta kowa ya sami abin da yake gyarawa a wandonsa. Isyaku ya tuɓe riga ya faɗa tsakanin ƙahonin. Ƙaho ɗaya ya shiga haƙarƙarinsa ya fita, bai saki ba, sai da bijimin ya durƙusa. Ɗalha, lokacin gemu bai fito masa ba, ya matse kalangu ya sa shi magana: "Baƙi na kwata, baƙi na Ɗalha, ƙaho ya taɓa ka ya ji kunya."

Tun daga nan me bai gani ba? An ɗaure shi a siyasar da, don ya ƙi cire hula a gaban wani hakimi, ya fito da haƙoransa ban da biyu. Amai da gudawa ya share lungunsu, ya bar shi a tsaye yana haƙa wa mutane kabari. Babbar mota ta kife da shi da shanu a hanyar kasuwar shanu, shanun aka yanka, shi ya tako gida da ƙafarsa. Bai taɓa zama a aji ba, amma in ya ɗora hannu a gadon bayan bijimi sai ya faɗa maka naman da zai fitar, ka je ka auna. Mutum irin wannan ne yau aka kifa wa hula kamar ɗan tsana.

Ya tsinci sandarsa ya shiga gidan ba sallama.

Ɗalha yana kwance a gado a ɗakinsa, ƙafafu sun kumbura kamar turame, ƙodarsa ta daɗe da gajiya. Kalangun yana rataye a ƙusa bisa kansa. Ya buɗe ido ɗaya.

"Na ji ka, ɗan kwata. Har yanzu in aka taɓa kana zabura kamar an tsikari jaki."

"Rufe min baki, maroƙin banza. Kai ka sayar musu?"

"Ni da ko buta ba na iya ɗagawa? Kaset ne. Na bikin 'yar Sarkin Fawa, wanda aka yi ta bugawa ana sayarwa a kasuwa. Yaran sitidiyo ne suka tono shi." Ya yi tari. "Ka ji yadda suka yi masa kuwa? Sun jera shi ɗai-ɗai kamar injin markaɗe, ko numfashi ba ya yi. Har da fiyano. A kan taken mahauci, fiyano!"

"Fiyano ne ya dame ka? Ba ka ji abin da aka ɗora a kai ba?"

"Na ji," in ji Ɗalha. Ya rufe idon. "Hannuna yana ƙasa yana cewa baƙi jarumi, yaro yana sama yana cewa baƙi ya ja da baya. Ni na ji, kai ka ji. Saura kuwa rawa suke yi."

Mardiya ta ɗaga labule ta shigo da waya a hannu. Ita kaɗai ce 'yar da Allah ya bar wa Ɗalha, ɗinki take yi a tsakar gida, ita ke jinyarsa tun da mijinta ya rasu ta dawo. Fara ce sol, ta ɗauko mahaifiyarta marigayiya 'Yardada, Bafulatanar Dukawuya wadda danginta suka yi shekaru ba sa taka gidan don ta auri baƙin makaɗi.

"Baba Isyaku, ka shiga duniya," ta ce, ta miƙa masa wayar.

Ya ga kansa, ƙarami, yana juyi da hular mutane a ka. Akwai rubutu a ƙasa.

"Me aka rubuta?"

Ta duba. "Wai dattijon mahauta ya yi mubaya'a."

Ɗalha ya fara dariya, dariyar ta koma tari, sai da Mardiya ta tallafo kansa ta ba shi ruwa. Isyaku bai yi dariya ba.

Kwana kaɗan bayan haka baƙo ya yi sallama da hantsi, da leda cike da lemo da ayaba da gwangwanin madara. Jafaru sunansa, shi ke kula da waƙoƙin kamfen ɗin Alhaji. Ya sha farar shadda, ƙamshinsa ya riga shi shiga ɗakin. Ya durƙusa ya gaida Ɗalha da ladabi, ya tambayi jiki, sannan ya kawo abin da ya kawo shi. 'Yan ɗaya ɓangaren sun shiga rediyo suna cewa an saci kiɗan tsoho marar lafiya. Alhaji ba ya son wannan magana. Abin da ake so ɗan bidiyo ne kawai, Baba Ɗalha ya riƙe kalangu ya ɗan taɓa, ya ce shi ya ba da kiɗan da yardarsa.

"Ai ka yi ɓatan kai, ɗan samari," in ji Ɗalha. "Ba nawa ba ne."

"Ba kai ka kaɗa ba, Baba?"

"Ni na kaɗa. Ungozoma ma ita ke yanke cibiya, ka taɓa jin ta tafi da jariri gida? Ga mai shi nan a bayanka."

Jafaru ya juya. Isyaku yana zaune a bakin ƙofa, ya ɗora haɓa a kan sanda, ya daɗe yana kallon hannuwan baƙon. Fuskar ta yi haske kamar gwanda, amma gaɓoɓin yatsun sun ƙi bin ta.

"Kai ba ɗan Salihu ba ne, mai sayar da kai da ƙafa a bakin kwata?"

"Ni ne, Baba."

"Allah ya ji ƙan Salihu. Mutumin kirki, baƙi kamar ni. Kai kuma na ga an fara yi maka fenti, kuɗin ne bai kai yatsu ba?"

Jafaru ya yi murmushi, ya tura hannuwan cikin aljihu. Ba yau ya fara jin irin wannan ba.

"Ka san abin da kalangun yake faɗa a ƙarƙashin waƙarku?" in ji Isyaku.

"Na sani, Baba, a kwata na tashi. Amma tsakani da Allah wa ke jin yaren kalangu yanzu? Kiɗan ne yake da daɗi, yana tada jama'a."

"Baƙaƙen da kuke zagi fa? Da ubanka a ciki?"

"Siyasa ce, Baba. Su ma can suna da tasu, suna kiran Alhaji jar fata, baƙon da kakansa ya shigo birni a bayan shanu. Kowa da abin da ya tsinta yake jifa."

"To ku jefi juna da duwatsunku, ku ajiye min nawa."

Jafaru bai yi musu ba. Ya gyara zama, ya sassauta murya, ya juya wajen Mardiya da ke tsaye jikin labule. Ya ce Alhaji yana da aboki mai asibitin kuɗi, akwai injin wankin ƙoda, ba layi, ba jira. Ranar da aka ɗauki bidiyon, ranar mota za ta zo ta ɗauki Baba, kuma za a riƙe shi har ya tashi. Ya bar lambarsa, ya yi addu'a, ya fita. Ƙamshin ya daɗe bai bi shi ba.

Da Isyaku ya tashi tafiya, Mardiya ta biyo shi tsakar gida, ta tsaya jikin kekenta na ɗinki.

"Baba Isyaku."

"Kada ki fara, 'yar nan."

"Sai na fara. Asibitin gwamnati sun ce mu jira, mun jira har ƙafarsa ta daina shiga takalmi. Jiya ko kunu bai zauna masa ba." Muryarta ba ta rawa, idon ne ya cika. "Ka ɗauka ban ji waƙar ba? Ubana ta zaga. Ni ma ta zage ni, don wannan fatar aro ce daga uwata, jinin nasa ne. Wata mai kawo ɗinki har cewa ta yi ai ni ban da ni a ciki, na miƙa mata atamfarta na ce ta kai gaba. Amma in zagi ne, a zage mu yana raye. Take ne fa, Baba. Kiɗa ne. Shi kuwa numfashi ne."

"Ba ki san abin da kike faɗa ba."

"Na sani. Kai ne ba ka wanke masa kwanon amai."

Isyaku ya juya. Mutumin da bai sunkuya wa hakimi ba ya fita daga gidan, kai a ƙasa. Ya wuni bai ci komai ba. Ya tafi har bakin kwata ya tsaya yana kallon yaran yanzu suna fiɗa, waya a kunne, ba kiɗa ba kirari. Ya tuna shi ke zaɓar wa Ɗalha tantanin da ake rufe bakin kalangu da shi, ya ɗaga shi a rana ya duba, in da ɗigon rauni ya jefar. Duk muryar da kalangun nan ya taɓa yi, ta hannunsa ta bi. To in mai kaɗawar ya tafi, wa zai kaɗa masa taken da yake riƙo? Ya dawo bayan la'asar ya leƙa tsakar gida.

"Ki kira yaron," ya ce.

Da aka faɗa wa Ɗalha, bai ce a'a ba, bai ce to ba. Ya dubi rufin ɗaki ya ce, "Naka ne, ɗan kwata. Ka yi yadda ka ga dama."

Washegari Jafaru ya zo da mai kyamara. Suka rataya ƙyallen jam'iyya a bango don ya rufe inda damina ta ci, suka buɗe taga, suka jingina Ɗalha da matasai. Aka sa masa hula, aka sa wa Isyaku. Maƙwabta suka cika tsakar gida, mata na leƙe ta kan katanga.

"Abu ne mai sauƙi, Baba," in ji Jafaru. "Baba Ɗalha zai ɗan taɓa, sai kai kuma ka kalli nan ka ce: ni Isyaku, na ba Alhaji Abdulmuttalib takena, halak malak. Shi ke nan. Mu gwada?"

"Ni Isyaku, na ba Alhaji Abdulmuttalib takena, halak malak," in ji Isyaku, kamar mai tauna ƙashi.

"Madalla! Haka za ka faɗa."

Mardiya ta sauko da kalangun daga ƙusa, ta goge shi da gefen zaninta, ta rataya wa mahaifinta a kafaɗa. Ya yi masa nauyi, kowa ya gani. Ya lallaɓa tsarkiyoyin, igiyoyin fatar nan da ake matsewa a hammata kalangu ya sauya murya, ya karɓi gula, sandar kaɗawa, da yatsun da suka kumbura.

"A zaune yake," ya ce. "Ba a kaɗa wa namiji take a zaune."

Isyaku ya miƙe. Mai kyamara ya ɗaga hannu.

Bugun farko ya fito a raunane, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Na biyu ma haka. Jafaru ya yi wa Isyaku alama da kai.

"Ni Isyaku..."

Kalangu ya katse shi. Ɗalha ya matse tsarkiya har haƙoransa suka bayyana, kuma ba irin na kaset ya kaɗa ba. Na ranar jan bijimi ya ɗauko, mai tambaya, wanda makaɗi ke tsare mutum da shi a gaban jama'a: Ɗan wa? Ɗan wa? Jikan wa?

Isyaku ya kalli Mardiya, ya kalli kyamara, ya sake ɗaukowa.

"Ni Isyaku, na ba..."

Ɗan wa? Jikan wa? Baƙi na kwata, ɗan wa?

"Bari, Ɗalha," ya ce ƙasa-ƙasa. "Don Allah bari."

Ɗalha bai bari ba. Gumi ya keto masa, idanunsa biyu a buɗe tar a kan amininsa, gula na sauka kamar ba hannun majinyaci ke riƙe da ita ba. Ɗakin ya cika har ƙyallen bango na motsi. Jikin Isyaku ya fara tsuma. Ya damƙe sandarsa da hannu biyu, ya cije leɓe, ya riƙe kansa yadda ya riƙe ƙahonin nan. Amma bijimi dabba ne, ana iya kayar da shi. Wannan kuwa wanda ya san inda aka binne cibiyarsa ne yake kiransa da sunansa. Sanda ta tafi gefe. Hula ta bugi bango.

"Sai ni Isyaku baƙi!" Muryar ta fasa ɗakin ta fita lungu. "Baƙi ɗan baƙi! Jikan wanda aka sayo a kasuwa, ya rayu ya binne wanda ya saye shi! Ni na ci gidan yari, gidan yari bai ci ni ba! Ƙaho ya shiga ya fita ban saki ba! Ƙasar ganuwar birnin nan a kan kakannina aka ɗauke ta, wa zai ce min in ja da baya? In ja in tafi ina? Fari da baƙi, duk naman hannuna kuka ci kuka yi wuya! Takena ba na aro ba ne, ba na haya ba ne, ba na ɗan takara ba ne! Ranar da na mutu a sa min shi a likkafani!"

Wata tsohuwa a kan katanga ta rangaɗa guɗa, wasu suka karɓa. A tsakar gida wani dattijo ya ɗaga hannu yana jinjina, hawaye na bin gemunsa.

"Kashe! Kashe kyamarar!" in ji Jafaru.

An kashe kyamara, kalangu bai mutu ba. Ɗalha ya ci gaba har sai da gula ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin gado. Ya koma jikin matasai yana haki, bakinsa a buɗe, yana dariyar da ba ta da sauti.

"Ka cuce ni, maroƙin banza," in ji Isyaku, shi ma yana haki. "Ka ce in yi yadda na ga dama."

"Na ce naka ne," in ji Ɗalha da ƙyar. "Ban ce zan zuba ido ka zubar ba."

Jafaru ya karɓi kyamarar ya goge abin da aka ɗauka da hannunsa. Ya cire ƙyallen daga bango ya naɗe, ya tsinci hulunan. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai faɗi wani abu mai tsawo, sai kawai ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, Baba." Ya sa takalmi ya tafi. Mardiya ta zare kalangun daga kafaɗar mahaifinta, ta share masa gumi, ta wuce Isyaku kamar ginshiƙi ta wuce.

Mota ba ta zo ba. Waƙar kuwa ba ta fasa yawo ba, tana tashi a shagon mai caji, tana tashi a adaidaita sahu, bidiyon farko ma yana nan a wayoyin mutane. Na biyun ba wanda ya san da shi sai waɗanda suka ji da kunnensu, sai dai kafin azahar labarin ya kai kwata, kuma an ce ranar mahauta sun yi ta maimaita kirarin suna sara. Isyaku bai je ya ji ba. Kullum yana ɗakin Ɗalha, yana kore masa ƙuda, yana ba shi labarin da ya riga ya sani. Mardiya takan ajiye masa abinci a bakin ƙofa ba tare da ta dube shi ba.

Jikin ya ci gaba da cika. Maganar Ɗalha ta ragu, ta koma kalma ɗaya-ɗaya, daga baya sai ido. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, numfashinsa ya sauya. Isyaku ya san wannan numfashin, ya sha ji. Ya matso ya sa baki a kunnensa yana karanta masa kalmar shahada, da muryar da ba wanda ya san yana da irinta. Leɓen Ɗalha ya motsa ya bi shi. Mardiya tana riƙe da ƙafafunsa. Can sai ta ji sun yi nauyi.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati, ta fita, aka ji kukan mata ya tashi a tsakar gida. Isyaku ya shafe masa ido, ya ɗaure masa haɓa, ya zauna. Mutumin da ya haƙa kaburburan rabin lungu ya rasa yadda zai tashi.

Bayan an aika a sanar a masallaci kuma an tafi yanko likkafani, labule ya ɗaga. Mardiya ce da bokiti, ganyen magarya na yawo a saman ruwan, da sabulu da ƙyalle a ɗaya hannun. Ta ajiye a gabansa.

"Ya ce kai za ka yi masa wanka. Tun kafin ya kwanta ya faɗa min."

"Mardiya..."

"Ban yafe muku ba, Baba Isyaku. Ku biyun." Ta goge ido da bayan hannu. "Amma ka yi da wuri, kada ruwan ya huce. Ba ya son ruwan sanyi."

Ta saki labulen.

Liman ya aiko da mutum ɗaya ya riƙa zuba masa ruwa. Suka rufe Ɗalha da zane daga cibiya zuwa gwiwa, Isyaku ya naɗe hannun riga ya yi bisimilla. Ya yi masa alwala, ya wanke kai da gemu, ya wanke ɓangaren dama. Da suka juya shi, ya ɗaga hannun hagu don ya wanke hammata, sai ya tsaya.

Duk tsawon zamansu bai taɓa ganin wurin ba. Daga hammata zuwa ƙasan haƙarƙari, inda kalangu ke kwanciya, fatar ta yi kanta, ta yi tauri kamar ƙirgi, ta fi sauran jikin duhu. Tsarkiyoyi sun bar sawunsu a kai, layi bayan layi, a jere, har ana iya bin su da yatsa.

Mai zuba ruwa ya ɗaga moɗa yana jira.

"Dakata," in ji Isyaku.

Ya ɗora tafin hannunsa a wurin, ya bar shi a nan. Sannan ya karɓi moɗar da kansa, ya riƙa tsiyaya ruwan kaɗan-kaɗan, ruwan na bin layukan yana gangarawa.